Dala Mai Gauraka

Ni na cire wa yayana idonsa na hagu. Da awartaki mai zafi na yi, a bakin rumfata, ranar kasuwa, mutane suna kallo. Na fara da wannan ne don kada mai karatu ya ɗauka labarin wani bawan Allah ne da aka zalunta. Gaskiya ne an karya mini haƙora uku a ranar, amma na ci gaba da cin tuwona da sauran.

Abin da ya tayar mini da zancen, kwanakin baya ɗana da ke Yamai ya zo gida, ya miƙo mini wayarsa yana nuna mini hotunan kuɗin ƙarfe na zamani, irin waɗanda ake bugawa don ajiya, ba don kashewa ba. Ya san abin da nake so ke nan. Na duba ɗaya bayan ɗaya har na gaji. Yawancinsu an shafe su da fenti, ja da kore da shuɗi, kamar kwanon sha na amare. In ka kankare fentin a ranka, ba komai a ƙasa, zanen bai da zurfi, gefen bai da kaifi. Na ce masa masu yin waɗannan sun ɓoye kasawarsu ne a bayan launi. Ya yi dariya, ya ce tsufa ne ke damuna, ya tambaye ni ko na taɓa riƙe wadda ta cika idona. Na ce sau ɗaya. Ya ce ina take, sai na tashi na tafi alwala, alhali tana cikin akwatin da yake zaune a kai.

Gidanmu gidan ƙira ne, a wani ƙauye cikin duwatsu tsakanin Allakai da Buza. Ƙirar fari muke yi, zobe da awarwaro da 'yan kunne. Azurfarmu daga tsoffin kuɗi take zuwa. Matan Fulani da na Buzaye da na gari su zo su kwance bakin zane, su zube abin da kakanninsu suka bari, mu narke. Duk babban kuɗin azurfa dala muke ce masa, ko daga wace ƙasa ya fito, ƙaramin kuwa tamma.

Baba ba ya jefa kuɗi a wuta sai ya juya shi a tafin hannu ya yi masa shari'a. Tsohuwar dala mai hoton mace mai ƙiba yana girmama ta, yakan ce wanda ya zana gashin matar nan ya ci abincinsa da guminsa. Tammar Faransa mai mace tana shuka kuwa dariya take ba shi.

“Ku dibi wagga,” yakan ce. “Ba rami, ba diddige, tana watsa iri bisa iska. Tsuntsaye taka ciyarwa.”

Amma ko ita yana yaba yadda rigarta ta kwanta. Kuɗinmu na sefa da muke kashewa, kan barewar da ke jiki ya yi masa, ɗaya gefen kuma har ya mutu bai yanke ko kifi ne ko ƙadangare ba.

Gwajin azurfa a wurinmu da kunne ake yi. A saki kuɗin a kan uwar maƙera. In azurfa ce sai ta yi kuka siriri mai tsawo, in dalma ce sai ta faɗi shiru kamar curin tuwo. Dokar Baba ɗaya ce: maƙeri yana iya ce wa mai aiki ya dawo gobe har sau goma, amma ba ya ƙarya a kan ƙarfe. Ina da shekara goma sha biyar na karya dokar. Wata Bafulatana ta kawo tamma, zanen ya shiga raina, na ce mata ba ta da kyau don ta bar mini ita. Baba yana jina. Ya kama wuyan hannuna, ya zaro kurfi daga wuta, wato ƙarfen da muke sara da shi, ya ɗora mini a damtse. Na ji ƙaurin namana kafin in ji zafin. Yayana ne ya faɗa tsakaninmu ya fizge ni, Baba ya juya ya ba shi bayan hannu a baki har leɓensa ya tsage. Tabon yana nan a damtsena, tsawon ɗan yatsa.

Yayana ya girme ni da shekara huɗu. Ƙato ne, mai faɗin ƙirji, kuma ƙira ba ta karɓe shi ba. Baba yakan ce hannunsa da taɓarya duk ɗaya. Da ya kawo ƙarfi sai ya bi sawun sauran Adarawa ya tafi Abijan. Wasu sukan je su dawo kafin damina, shi ya zauna shekara goma sha ɗaya. Yana can Baba ya rasu, ni na gaji rumfar, ni na riƙe gida cikin babban fari, ni na ciyar da Inna.

Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, don ɗan fari ne, kunyarsa take ji. Ba ta tambayar labarinsa. Amma duk ranar da aka ji kamiyo, babbar motar kaya, ya tsaya daga hanyar Madawa, sai ta ɗauki tsintsiya ta fita sharar ƙofar gida, ko da an share da safe. Ina zaune ina ganinta. Ni da ke kawo mata gero, ban taɓa ganin ta share ƙofa don ni ba. Na ji haushin wannan, kuma na ajiye haushin a cikina shekara da shekaru.

Ya dawo bayan kaka, wajen ƙarshen shekarun saba'in. Ya rame. Akwatin ƙarfe ɗaya ya zo da shi, ba rediyo, ba keke, ba katifa. Mutanen garinmu kuwa ba sa barin irin wannan ya wuce, aka fara gunaguni a bakin rijiya. Sai ga labari ya fito cewa ya zo da wani abu da ya fi keke. Gadi ya yi a gidan wani Nasara, da Nasaran zai koma ƙasarsu ya ba shi kado, wato kyauta: dala guda, cikin wani gida mai haske kamar gilashi, shi kuma cikin ƙaramin akwati mai shimfiɗar shuɗin ƙyalle. Ya gaya masa ba ta kashewa ba ce, ta ajiya ce, kaɗan aka buga, kuma ba a taɓa ta da yatsa.

Kwana uku yana gida bai nuna mini ba. A bakin mutane na ji. Na ce a raina, to, ya raina ni ke nan, ni da ke da sana'ar.

Ranar kasuwa da hantsi ina rumfa, wuta tana ci, bakin awartaki yana cikin garwashi, sai ga shi da sabuwar riga, mutane kamar goma suna biye da shi. Inna tana can tsallaken hanya tana sayar da daddawa, inda take hango mu. Ya durƙusa gabana, ya buɗe akwatin da hannu biyu.

“Ƙanena,” ya ce, “kai ad da ido. Dibi wagga.”

Na karɓa. Ban taɓa ganin aiki irin wannan ba, kuma har yau ban sake gani ba. Gauraka ce tsaye cikin ruwa, ta ɗaga ƙafa ɗaya. Filin da ke bayanta sumul yake, na ga idona a ciki. Tsuntsuwar kuwa ba ta sheƙi, fari ne mai laushi kamar an barbaɗa mata gari, shi ya sa ta taso daga jikin ƙarfen. Tukkun kanta zare-zare ne, kowane da kansa, babu wanda ya hau wani, kuma kowane ya fi gashin mutum siranta. Inda ƙafarta ta shiga ruwa an yi zobe uku, na waje ya ɓace a hankali har ba ka san inda ya ƙare ba. Wanda ya yi ta ya san inda zai tsaya. Bai cika wurin da ciyawa da rana da rubutu ba, ya bar mata sarari.

Na dubi tabarmata, inda na jera zobban da nake taƙama da su daga Buza har Keita. Sai na gan su kamar kashin awaki. Na ɗaga kai, kowa yayana yake kallo, har Inna ta bar daddawarta ta miƙe tsaye. Na san abin da zan yi mugunta ce tun kafin in fara, ban kuma tsaya ba.

Na sa bakin wuƙa na ɓalle gidan.

“Ba a taɓa ta da hannu,” ya ce.

Na danna babban yatsana a tsakiyar filin, da gumi da baƙin gawayi. Sannan na sake ta a kan uwar maƙera. Ta yi kuka. A duk rayuwata ban ji kuka mai tsawo da tsabta irin wannan ba, azurfa ce da ba a gauraya ta da komai ba. Na yi maza na kife tafina a kanta na kashe kukan.

“Dalma ta,” na ce, da ƙarfi don na baya su ji. “Hwarin ruwa anka shahwa mata. Aikin ma ba shi da kyau, dibi ƙahwar tsuntsun, guda ta hi guda. Yaya, shekara goma sha ɗaya kana kwana bakin ƙohwa awa kare, abin wasan yara anka sallame ka da shi?”

Wani mahauci ya fashe da dariya, sauran suka bi. Yayana bai dubi kowa ba, ni yake kallo. Ya miƙo hannu.

“Ba ni abina.”

“Bari in gwada musu cikinta.”

“Ba ni abina, nac ce.”

Na ɗora kurfi a kanta, na ɗaga guduma na sauke. Saran ya ratsa wuyan gaurakar. Cikin ya fito fari tas har ƙasa, amma ba wanda ya tsaya dubawa, don kafin in ɗaga kai ƙulli ya same ni a kunne.

Na kife a kan tabarmar, zobba suka watse. Na taso na kai masa karo a ciki, muka faɗa kan ginshiƙin rumfar, zana ta rufto mana. Ya fi ni ƙarfi nesa ba kusa ba. Ya shaƙe ni da hannu ɗaya ya buga kaina da ƙasa, na cije shi a damtse har na ji gishirin jini. Ya fizge gudumar daga hannuna. Na ga ya juya ta, ya riƙe kan ƙarfen a tafinsa, ya sauke mini ƙotar a baki. Haƙorana suka zube a kan harshena, na tofar da su tare da jini. A lokacin ban yi tunanin juyawar da ya yi ba. Daga baya ne na gane da kan ƙarfen ya buga, da ba a rubuta wannan ba.

Ya hankaɗe ni, bayana ya faɗa gefen murhu, garwashi ya kama rigata. Hannuna ya faɗa kan ƙotar awartaki. Yana tsaye a kaina yana haki, ya riga ya yar da gudumar, hannunsa ba komai. Faɗan ya ƙare a wurinsa. Na sha jin mutane suna cewa tsautsayi ne, awartakin ne ya kuɓuce. Bai kuɓuce ba. Na zaro shi bakinsa ja wur, na duba fuskarsa, na kai masa da dukan ƙarfina.

Na ji ƙarar da ruwa ke yi in an tsoma ƙarfe mai zafi. Bai yi ihu nan da nan ba. Ya ja da baya taku biyu, ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da hannu biyu, wani ruwa da ba jini ba yana bi ta tsakanin yatsunsa. Sannan ya saki wata ƙara da ta tsayar da kasuwar gaba ɗaya.

Mahauta suka danne ni, wanda ya fara dariyar nan shi ya fi kowa shurina a haƙarƙari. Wani ya zuba mini ruwa a baya don wutar rigar. Sai mutane suka dare, ga Inna da itacen da ta zaro daga murhun mai ƙosai. Ta yi ta sauke mini shi a ka da kafaɗa har itacen ya karye biyu. Ta yar da guntun, ta durƙusa gaban yayana, ta kama kansa ta rungume, ta kira sunansa. Ta kira sau uku a gaban duk kasuwa. Ranar na fara jin sunan a bakinta.

A kan ƙyauren wani shago aka ɗauke shi zuwa bakin hanya, kamiyon albasa ya kai shi likita a Madawa. Ya yi wata guda, ya dawo da rami a inda ido yake da tabon ƙuna har kunne. Mai gari ya tara dattawa, wasu suka ce a kira jandarma. Yayana ya hana.

“Tsakanina da ƙanena na,” ya ce.

Da an kai ni kaso da na fi jin sauƙi. Shi da kansa ya ɗebo duwatsu ya gina katanga a tsakiyar gidanmu, ya fasa wa kansa wata ƙofar ta gabas. Inna ta kwashe kayanta ta koma ɓangarensa. In matata ta aika masa da tuwo, yadda ya tafi haka yake dawowa. Abijan kuma ta rufe masa, don ba mai ɗaukar gadi mai ido ɗaya. Ya koma noman gonar Baba ta kan dutse, wadda ko a shekara mai kyau ba ta cika rumbu. Dalar, na ji wata mata ta tsince ta cikin toka ta kai wa matarsa.

Shekara bakwai ba mu yi magana ba. A masallaci yakan tsaya ta yadda makahon gefen ne ke wajena. Mutane kuwa sun riƙe maganata, ni ne maƙeri, ni na ce dalma ce. Yara suka sa masa suna da abin, in ya wuce su rera a bayansa. Ina jin su daga rumfa, ban taɓa fitowa na ce ƙarya na yi ba. Abin da na yi shi ne, in ba aiki, sai in buga azurfa ta yi faɗi in gwada zana gaurakar daga abin da na riƙe a kaina. Na gwada ba adadi. Kullum kaza ce ke fitowa, wadda ruwa ya yi wa duka, sai in mayar da ita wuta.

Inna ta rasu a shekarar da gero bai yi ba, tsakiyar shekarun tamanin. Da ta ji jiki na tsallaka katangar na durƙusa gabanta. Ta yafe mini nononta, ta ce sauran ba a hannunta yake ba. Bayan arba'in aka fara aikin jera duwatsu a gangaren tudu don tare ruwa, ana biyan mutane da abinci. Yayana yana cikin masu yi. Wata rana da azahar na rufe rumfa na hau tudun. Na same shi shi kaɗai a ƙarshen layi, sauran sun tafi inuwa, yana ɗaga wani dutse da ni ko mirgina shi ba zan iya ba.

Na zagaya ta gefen idonsa mai gani, na yi sallama. Ya amsa, bai daina aiki ba.

“Yaya,” na ce, “dalag ga. Azurhwa ta. Ƙarya niy yi. Kuma aikin, ban taɓa ganin irinai ba.”

Ya ajiye dutsen a wurinsa, ya gyara masa zama da ƙafa.

“Na sani,” ya ce. “Na ji kukanta kahin ka ruhe ta. Hannu na Allah bai ba ni ba, kunne ina da shi. Cikin maƙerag ga anka haihe ni, awa kai.”

Shekara bakwai ina ɗauke da maganar ina jin ni kaɗai na san ta. Na tambaye shi don me bai faɗa wa mutane ba, ya bari yara suna masa waƙa.

“In ce musu magajin Baba ya yi ƙarya bisa ƙarhe? Wa zai sake kawo maka aiki? Mi Inna za ta ci?”

Ya goge gumi da gefen rigarsa, har cikin ramin idon.

“Ran da Nasara yab ba ni ita, kai nit tuna. Nac ce duk garinmu mutum guda na zai gane wagga. Na yi ciwo can, wata huɗu ina kwance, abokai sunka ce in saishe ta in sai magani, naƙ ƙiya. Da niz zo ban gwada maka gida ba, jira nikai ranar kassuwa, in ba ka ita gaban mutane, gaban Inna. Taka ta. Kai nik kawo ma.”

Na zauna a kan layin duwatsun da ya jera. Na yi kuka kamar yaro, da baki buɗe, da giɓin haƙoran da ya yi mini. Bai rarrashe ni ba, bai kuma kore ni ba. Ya ce in ɗaga, na zauna a kan inda zai ɗora na gaba. Na ɗaga, na kama masa gefe ɗaya na dutsen, muka kai shi tare. Muka yi ta yi har la'asar.

Katangar ba a rushe ta ba, amma daga ranar tuwon matata ya daina dawowa. Dalar kuwa bai ba ni ba, ban kuma tambaya ba. Sai bayan rasuwarsa matarsa ta kawo mini ita ƙunshe cikin tsumma, da fasasshen gidanta, ta ce ya bar wasiyya a ba mai ita.

Saran yana nan a wuyan gaurakar. Shaidar babban yatsana ma tana nan a tsakiyar filin, gumin ya ci ƙarfen ya yi baƙi, kowane layi ya fito. Na san yadda ake wanke azurfa, toka da ruwan tsamiya ne, aikin ɗan lokaci kaɗan. Ban wanke ba.